Na sayi haƙorin megalodon, amma gindinsa bai kwanta mini a rai ba

Sadiq_04:
Assalamu alaikum jama'a. Shawarar manya nake nema. Shekara biyu ke nan ina tara ƙananan haƙoran kifin shak na zamanin dā, irin waɗanda ba su wuce farce ba, sai watan jiya na yi ƙundumbala na sayi babba guda ɗaya ta intanet. Mai sayarwa ya ce na megalodon ne, wato ƙaton shak ɗin nan na dā da ya ɓace, inci 5 da ɗan ɗoriya, kuma ba a taɓa shi da komai ba. Da ya iso na yi murna ƙwarai. Ɓawonsa ruwan toka ne mai sheƙi, gefensa da tsage-tsage irin na zarto, in ka bi da yatsa kana jin su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya dame ni gindin ne. Kusurwar hagu ta fi ta dama santsi, launinta ɗaya ne sumul, alhali ɗaya ɓangaren yana da ƙananan ƙofofi kamar na soso. Na rubuta wa mai sayarwar, yau kwana tara shiru kake ji. Tambayata biyu ce. Ta yaya zan gane ko an yi masa ciko? In kuma an yi, shi ke nan ya tashi daga haƙorin gaske?

Kawu_Lawal:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka tukuna, ɗana. Yadda ka siffanta ɓawon da zarton, da wuya a ce na roba ne gaba ɗaya. Wanda aka zuba a mazubi sakayau yake a hannu, kuma in ka ɗora shi a kumatu ba ka jin sanyi. Na gaske ya riga ya zama dutse, yana da nauyi, yana da sanyi.

Amma kusurwar nan da ka ce, ina kyautata zaton ciko ce. Gindi ne ya fi saurin karyewa domin ba shi da ɓawo mai tauri da zai kare shi. Sannan ka sani, ana auna tsawon haƙori ne a karkace, daga tsini zuwa ƙarshen kusurwar gindi mafi nisa. Duk wanda ya ƙara rabin inci a wannan kusurwa ya ƙara wa haƙorin daraja a kasuwa, shi ya sa a nan aka fi yin aikin. Ka nemo tocilan nan mai shuɗin haske da ake duba takardun kuɗi da ita, ka kashe fitila ka haska. Sau da yawa gam da danƙon ciko sukan fito da wani haske dabam da na sauran haƙorin.

Bash_Teku:
Ba sai an je da nisa ba. Ka gasa allura ta yi ja, ka soka a wurin. In roba ce za ta shige, kuma za ka ji wari.

Hajiya_Rabi:
A'a don Allah @Bash_Teku, kada ka sa yaro ya ɓata abinsa. In ya huda shi, ko mai sayarwar ya dawo ya amsa, ba zai karɓi kaya da tabon wuta ba. Sadiq, ka sami asiton, wato ruwan goge fentin farce, ka ɗiga a 'yar auduga ka shafa a wuri ƙanƙani ta baya inda ido ba ya kaiwa. Dutse ba ya kula asiton. In audugar ta ɗebo launi, to fenti ne aka shafa don a ɓoye ciko. Amma ka fara da tocilan da Kawu ya faɗa, ita ba ta barin alama ko kaɗan. Ka ɗauki hoto kafin ka taɓa komai.

Bash_Teku:
Na yarda, Hajiya. Ni dai na gwada a nawa ta yi aiki, amma gaskiya tabon yana nan har yau.

Ummi_Z:
Ku yi mini haƙuri, ni sabuwa ce a nan. Wannan kifi na zamanin dainoso ne? Kuma me ya sa kullum haƙora kawai nake ganin ana nunawa? Ina sauran jikin ya tafi?

Dakta_Hauwa:
Tambaya ce mai kyau, ƙanwata. A'a, bai taɓa haɗuwa da dainoso ba. Su sun ƙare kimanin shekara miliyan 66 da suka wuce, shi kuwa megalodon ya bayyana wajen shekara miliyan 23 baya, ya ɓace wajen miliyan 3.6. Kin ga akwai tazarar fiye da shekara miliyan 40 tsakaninsu.

Maganar jiki kuwa, kifin shak ba shi da ƙashi irin namu. Guringuntsi ne, irin abin da ke kunnenki da kan hancinki, kuma guringuntsi ruɓewa yake yi kafin laka ta samu ta adana shi. Abin da ke da tauri a jikinsa shi ne haƙori. Ga shi kuma ba sau ɗaya yake famfara ba kamar mu. Haƙoransa jeri-jeri ne, na gaba ya faɗi na baya ya matso, haka har ya mutu. Kifi guda yana iya zubar da dubban haƙora a rayuwarsa. Ki lissafa wannan a shekara kusan miliyan 20, a tekunan duniya masu ɗumi, za ki gane dalilin da ya sa ake tsintar su a nahiyoyi da dama.

Ba wai ba a samun komai sai haƙori ba. Wani lokaci gaɓoɓin ƙashin bayansa sukan tsira domin suna da ɗan tauri. Akwai jeri guda da aka tono a Beljiyam, gaɓoɓi kusan 140 na kifi ɗaya, yana ajiye a gidan adana kayan tarihin halitta na Burasels. Amma cikakken jiki daga kai zuwa wutsiya, har yau babu wanda ya samu. Saboda haka ne alƙaluman tsawonsa suke canzawa. An daɗe ana cewa mita 15 zuwa 20, sai wani bincike na 2025 ya ce mafi girmansu zai iya kai mita 24, kuma jikinsa ya fi siranta a kan yadda ake zana shi.

Ummi_Z:
Ikon Allah. Na gode Dakta. Mita 24 a cikin ruwa!

Mai_Nutso77:
Ni bari in faɗi abin da ke raina, Sadiq kada ka ji haushi. Haƙorin da aka saya da wanda aka tsinta ba su taɓa zama ɗaya a wurina.

Ina nutso a kogin Cooper da ke jihar Karolina ta Kudu a Amurka. Ruwan baƙi ne ƙirin, da ka sauka ƙasa ko tafin hannunka ba ka gani sai da fitila, ita ma ba ta haska fiye da kamu ɗaya ko biyu. Igiyar ruwa tana janka, sai ka kafa ƙarfe a ƙasa ka riƙe da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana lalube cikin tsakuwa. Akwai kada a kogin, kowa ya san da haka kafin ya shiga. Na yi nutso ya fi goma ban samu abin kirki ba sai gutsattsari. Ranar da na samu nawa, ba ganinsa na fara yi ba, jin sa na yi. Yatsana ya bi ta kan wani abu mai santsi, na juya shi sai na ji zarton a gefe. Na tsaya cak a ƙarƙashin ruwa ina riƙe da shi, zuciyata tana bugawa har ina jin ta a kunne. Inci 4 ne kawai, tsininsa ma a guntule yake. Tun ranar da ya faɗo daga bakin kifin babu hannun da ya taɓa shi sai nawa. Wannan ba a sayar da shi a ko'ina.

Ga mai sha'awa: a jihar nan sai da lasisin masu nutson sha'awa ake ɗebo irin waɗannan abubuwa daga ƙarƙashin ruwan hukuma, kuma kana ba da rahoton abin da ka tsinto. Kada kuma wani ya karanta wannan ya faɗa kogi ba tare da horo ba. Nutson baƙin ruwa ya ci rayukan mutane, har da ƙwararru.

Injiniya_Sabo:
@Mai_Nutso77 labarinka ya burge ni, amma ban yarda da hukuncin ba. Mutum nawa ne a duniya suke zaune kusa da kogin da ke da haƙorin megalodon? Mutum nawa ke da lafiya da halin koyon nutso? In an ce sai wanda ya tsinta da hannunsa ne mai tarawa na gaske, to an rufe ƙofa ga kusan kowa. Ni duk nawa saye na yi, guda bakwai, kuma na zauna na karance su ɗaya bayan ɗaya. Na san wanne ne na muƙamuƙin sama, mai faɗi, wanne ne na ƙasa, mai siranta. Na san gefen da ya yi tudu, wanda kowa yake nunawa a hoto, shi ne yake kallon harshe, shafaffen gefen kuma shi ke kallon waje. Da yawa cikin masu tsinta ba su san wannan ba. Matsalar Sadiq ba saye ba ce. Matsalarsa an ɓoye masa gaskiya.

Mai_Nutso77:
Ban ce mai saye ba shi da ilimi ba, Injiniya. Abin da nake ji a zuciya na faɗa. Maganar ɓoye gaskiya kuwa muna tare.

Maman_Ilham:
Ni ina tsakaninku. Ba sai an yi nutso ba ake tsinta. Mu da yara muke zuwa bakin ruwa wajen Calvert Cliffs a jihar Meriland, gefen mashigin Chesapeake. Gaɓar doguwa ce mai tsayi, laka ce ta tsohon teku, kullum tana zaizayewa tana zubo da abin da ke cikinta, ruwa ya wanke ya watsa a rairayi. Lokacin da ya fi shi ne hunturu, bayan an yi iska mai ƙarfi, sa'ad da ruwa ya janye sosai. Da sassafe muke zuwa da takalman roba da 'yar rariya. Abin da muka fi samu ƙanana ne na wasu irin shak, sai haƙoran kifin nan mai faɗi kamar faifai. Na megalodon sau ɗaya muka samu cikin shekara huɗu, inci 2, kuma autata ce ta gan shi. Yara sun fi mu ido, ƙila don sun fi kusa da ƙasa. A wannan yankin ne ma wata yarinya 'yar shekara 9 ta tsinci mai inci 5 ranar Kirsimeti ta 2022, labarin ya zagaya duniya.

Abu ɗaya nake roƙon duk mai zuwa: kada ka tsaya ƙarƙashin gaɓar, kada ka haƙa ta. Tana ruftowa ba tare da wata alama ba. Na taɓa jin ƙarar faɗuwarta daga nesa, tun ranar ba na barin yaro ya matsa kusa.

Ɗan_Rairayi:
A Fulorida ma haka. Bakin tekun Venice da kogin Peace, mutane da rariya da shebur cikin ruwa iya gwiwa lokacin rani. Dokar jihar ta ware haƙoran shak, ba sa bukatar takardar izini, amma in ƙashin wata dabba ka tsinta a filin hukuma, kamar na giwar dā ko doki, to wannan sai da izini. A gandun da gwamnatin tarayya ta keɓe kuwa ba a ɗaukar komai sam.

Masu ƙananan yara su gwada garin Aurora a Karolina ta Arewa. Akwai ɗan gidan tarihi da ake jibge masa ƙasar da aka kwaso daga ma'adinar fosfat, kowa ya zauna ya tona abinsa, abin da ka samu naka ne. Jihar ma ta ayyana haƙorin megalodon a matsayin burbushinta na hukuma, wato ragowar halittar dā da ta zama dutse, tun 2013.

Bash_Teku:
Ni fa har yanzu ban gamsu cewa ya ƙare ba. Teku tana da zurfi, kaɗan aka bincika a cikinta. Na taɓa kallon wani shiri da aka nuna shaidu, kuma na ji an ce an taɓa ciro haƙora daga ƙasan teku waɗanda ba su wuce shekara dubu goma sha ɗaya ba.

Dakta_Hauwa:
Malam Bash, shirin da kake nufi ina jin wanda wata tashar Amurka ta nuna ne a 2013. Ƙirƙirarre ne, waɗanda suka fito a matsayin masana 'yan wasan kwaikwayo ne, kuma tashar ta sha suka a kansa.

Haƙoran da ka ambata kuwa na gaske ne. Jirgin binciken Ingila mai suna Challenger ne ya ciro su daga ƙasan tekun Fasifik a tafiyarsa ta 1872 zuwa 1876. Daga baya wani ya auna kaurin baƙin ma'adinin manganis da ya lulluɓe su, ya ƙiyasta shekarunsu da shi. Matsalar ita ce wannan ma'adini ba ya taruwa da gudu ɗaya a ko'ina, kuma haƙori yana iya daɗewa a binne kafin ya fito fili ya fara tara shi. Masana sun daɗe da watsar da wannan lissafi.

Ka kuma duba ta wannan fuska. Megalodon ba kifin zurfi ba ne. A ruwa mai ɗumi kusa da gaɓa yake farauta, yana cin manyan dabbobin teku irin su wel, kuma ana samun shatin haƙoransa a ƙasusuwansu har yau. A Fanama an gano wurin da ƙananansa suke girma a ruwa marar zurfi, mai shekara kusan miliyan 10. Wani bincike na 2023 da aka yi a kan ɓawon haƙoran ya nuna jikinsa ya fi ruwan da ke kewaye da shi ɗumi da kimanin digiri 7. Dabba mai wannan girma da ɗumin jiki tana bukatar abinci mai yawan gaske, kuma can ƙasan teku babu shi. Sannan in yana raye yana zubar da haƙora kamar kowane shak, ina sababbin? Da tuni masunta sun ciro fari tas mai inci 6. Duk wanda aka samu ya riga ya zama dutse.

Bash_Teku:
Maganar sabon haƙori ta kama ni, Dakta. Zan sake tunani. To me ya kashe shi?

Dakta_Hauwa:
Ba abu ɗaya ba ne a ganin masana. Teku ta yi sanyi, ruwa marar zurfi na bakin gaɓa ya ragu, ƙananan wel da yake ci sun yi ƙaranci. Ga kuma farin shak da ya yaɗu a daidai wannan lokaci, kuma binciken sinadaran haƙora ya nuna abincinsu ya yi kama. Wanne ya fi tasiri, ana kan muhawara.

Ummi_Z:
Ashe farin shak ba jikansa ba ne? Ni na ɗauka shi ne ya ƙanƙance.

Injiniya_Sabo:
An daɗe ana ɗauka haka, domin haƙoran duka masu kusurwa uku ne da zarto. Yanzu an raba musu gida, sunansa na kimiyya ma ya koma Otodus megalodon. In kina son bambancewa, dubi tsakanin ɓawo da gindi ta gefen tudu. Megalodon yana da wani zane mai duhu, kamar harafin V, farin shak ba shi da shi. Zarton megalodon ƙanana ne a jere daidai, na farin shak manya ne ba su daidaita ba. Kuma na farin shak ba ya wuce wajen inci 3, megalodon kuwa mafi girma da aka samu sun ɗan haura inci 7.

Malam_Inuwa:
Tun da zancen ya zo nan, bari in tsoma baki, domin ni tarihin abin ne ya ja ni cikin wannan sha'awa. Mutane sun daɗe suna tara haƙoran nan ba su san mene ne ba. A Turai sunan da suke kiran su ma'anarsa duwatsun harshe. Marubucin nan na Rum, Pliny, ya rubuta cewa daga sama suke faɗowa lokacin husufin wata. A tsibirin Malta, inda suke da yawa cikin duwatsu, an yi imani harsunan macizai ne da suka sandare, har manyan mutane suna rataya su ko su tsoma a abin sha wai don maganin guba.

A 1666 masunta suka kama wani ƙaton shak kusa da Livorno a Italiya, aka aika kansa ga wani likita ɗan ƙasar Denmak mai suna Nicolas Steno ya feɗe. Da ya dubi haƙoran sai ya ga ai duwatsun harshen nan ne sak. Ya buga bayaninsa a 1667. Amma bai tsaya nan ba, ya tambayi kansa: yaya aka yi haƙorin kifi ya shiga cikin dutse a kan tudu? Amsar da ya kai gare ta ita ce dutsen dā laka ce mai taushi a ƙarƙashin ruwa, ta kwanta hawa-hawa, na ƙasa ya girmi na sama. Wannan ƙa'ida har gobe da ita masu ilimin ƙasa suke aiki. Sunan megalodon kuwa Louis Agassiz ne ya raɗa shi a ƙarni na 19, da Girkanci ma'anarsa babban haƙori.

Duk lokacin da na ɗauki nawa sai in tuna abu ne irin wannan ya buɗe wa mutane ido suka fara karanta ƙasa kamar littafi.

Kawu_Lawal:
Madalla da Malam. Kuma wannan ya dawo da mu kan Sadiq, domin akwai tambayar da ba wanda ya yi masa. Ɗana, daga ina haƙorin ya fito? Wace ƙasa, wane kogi, wace ma'adina? Ni a wurina wannan ya fi maganar ciko nauyi. Haƙori ba ya faɗin shekarunsa da kansa. Awon kabon da mutane suke ji ana gano shekarun abu da shi ba ya wuce wajen shekara dubu 50, ba ya aiki a nan. Hawan ƙasar da aka same shi a ciki ne yake faɗa. Launinsa ma daga ƙasar yake, ma'adinan wurin ne suke shiga su rina shi, wani baƙi, wani toka, wani ja-ja. In an rasa sunan wurin, an rasa rabin labarin. Kowane haƙori nawa yana da 'yar takarda: wuri, rana, wanda ya tsinta ko inda na saya, da duk gyaran da aka yi masa.

Sadiq_04:
Na gode muku duka, ban zaci zan samu wannan ilimi ba. Na samo tocilan jiya da dare. Kawu, maganarka ta tabbata. Kusurwar hagu ta yi wani haske fari-fari, har ana ganin layin da cikon ya haɗu da gindin asali, ya kai faɗin babban yatsa. Na shafa asiton kamar yadda Hajiya ta ce, audugar ta fito da launin ƙasa. Sauran haƙorin lafiya lau, babu abin da ya fita. Da na auna ta kusurwar dama, wadda ba a taɓa ba, inci 4 da kashi uku cikin huɗu na samu. Ashe cikon ne ya tsallakar da shi inci 5.

Wurin da ya fito kuwa, tallar ba ta faɗa ba, ni ma ban san ana tambaya ba. Abin ya yi mini zafi, domin na daɗe ina tara kuɗin.

Hajiya_Rabi:
Sannu Sadiq, Allah ya mayar da alheri. Ka tattara hotunan nan na ƙarƙashin tocila da hoton tallar inda ya rubuta ba a taɓa shi ba, ka kai ƙara ta hanyar da ka biya. Kada ka bari wa'adin ya wuce kana jiran amsarsa.

Amma tambayarka ta biyu, amsata ita ce haƙorinka na gaske ne. Gyara ba laifi ba ne a wannan fanni, gidajen tarihi ma suna yi. Bambancin shi ne su suna rubutawa, kuma suna amfani da gam da za a iya narkarwa a cire in an so. Laifin a ɓoyewa yake.

Mai_Nutso77:
In ni ne, cire cikon zan yi gaba ɗaya. Karyayyen gindi na gaskiya ya fi mini cikakke na ƙarya. Nawa mai guntun tsini, ana kyautata zaton a kan ƙashi ya karye lokacin da kifin yake cin abinci. Da an cike shi da an shafe wannan.

Hajiya_Rabi:
Kada ya cire yanzu. In zai mayar, dole ya mayar da shi yadda ya zo. In kuma zai riƙe, bai san irin danƙon da aka sa ba. Wani asiton ba ya narkar da shi, sai an kankare, kuma mai koyo yana iya ɓalle gindin asali tare da shi.

Ɗan_Rairayi:
Ko daga Indonesiya yake? Na yammacin tsibirin Java da suka cika kasuwa a 'yan shekarun nan ɓawonsu yakan yi kyau sosai, amma gindin sau da yawa a cinye yake, sai a sake gina shi.

Kawu_Lawal:
Zai yiwu, amma kada mu rubuta masa wuri da zato. Ruwan toka ana samu a wurare da yawa. Gara takardarsa ta ce ba a san wuri ba, da ta ɗauki sunan da ba nata ba, wani ya gada nan gaba ya ɗauka gaskiya ne.

Zee_Burbushi:
Na makara amma ga nawa. Abin da ya sami Sadiq ya same ni da haƙoran Maroko. A ma'adinan fosfat na yankin Khouribga ake samun na Otodus obliquus, kakan kakan megalodon, wanda ya rayu fiye da shekara miliyan 45 baya. Nasa ba su da zarto, kuma suna da ƙananan tsinaye biyu a gefe. Na sayi ɗaya a manne cikin dutse, gwanin kyau. Da ruwa ya taɓa shi sai dutsen ya fara narkewa, ashe yashi ne aka kwaɓa da gam, gindin ma na wani haƙorin ne aka liƙa. Ban daina saye daga can ba, domin akwai masu gaskiya da yawa kuma mutane ne masu neman abincinsu da wannan aiki mai wuya. Tambaya dai na koya.

Yanzu burina in jera zuriyar a akwati ɗaya: obliquus, sai auriculatus da zarto ya fara bayyana, sai angustidens, sai chubutensis da tsinayen gefen suka kusa ɓacewa, sai megalodon da babu su. Uku nake da su, har da angustidens. In ka jera su kana ganin yadda haƙorin kama kifi ya koma wuƙar yankan nama.

Dakta_Hauwa:
Ƙari a kan maganar Kawu: tambayar wuri tana kare mutum daga wani abu kuma. Ƙasashe irin su Feru da Cile sun hana fitar da burbushinsu, duk da cewa daga hamadar Feru aka samu wasu daga cikin mafi girman haƙoran. In mai sayarwa yana kauce wa faɗin wuri, wani lokaci dalilin ke nan. Kuma duk wanda ya tsinci abin da ba a saba gani ba, kamar haƙora da yawa a wuri ɗaya da alamar na kifi guda ne, ko ƙashi mai shatin cizo, ya nuna wa gidan tarihi kafin ya raba su. Abubuwa da dama da masana suke nazari a kai masu sha'awa ne suka kawo su.

Injiniya_Sabo:
Sadiq, me ka yanke? Mayarwa ko riƙewa?

Sadiq_04:
Na shigar da ƙara yau da safe, na haɗa da hotuna. Amma gaskiya, Injiniya, ban sani ba ko zan iya rabuwa da shi in sun ce in mayar. Jiya na daɗe ina duba zarton da gilashin ƙara girma, kusa da tsini akwai inda guda biyar suka goge, ina ta tunanin a kan me suka goge. Na rubuta masa takarda kamar yadda Kawu ya ce: megalodon, inci 4 da kashi uku cikin huɗu, an yi ciko a kusurwar hagu, ba a san wuri ba.

@Zee_Burbushi, a cikin biyar ɗin nan wanne ya fi wuyar samu? Kuma angustidens ɗinki daga ina ya fito?

Zee_Burbushi:
Karolina ta Kudu, daga wani rafi, da takardarsa. Auriculatus mai cikakkun tsinaye ne ya gagare ni har yanzu. Zan ɗauko hotunan ukun da daddare in haske ya yi daidai, ka ga yadda tsinayen gefen suke raguwa.